Agogo Mai Ɗingishi a Rami na Bakwai

Mai Agogo ya yi shekara arba'in da ɗaya yana zaune a wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, gilashi maƙale a idonsa na dama, hantsaki a hannu, yana tona cikin agogunan mutane. Bangon shagon duk agoguna ne, manya da ƙanana. An ce in ɗaya daga cikinsu ya yi jinkirin numfashi guda, ko da ya ba shi baya ne yana shan shayi, sai ya ajiye kofin, ya juya, ya nuna shi da yatsa kamar malamin da ya kama mai gyangyaɗi a aji. Ido ya zo ya gaji, gwiwa ta fara ƙara, amma kunnen nan nasa bai taɓa tsufa ba.

Yana da doka ɗaya a sana'arsa. In ya kwance agogo, yakan jera kayan cikinsa a kan farin ƙyalle yana ƙirgawa. In ya mayar ya rufe, sai ya ga ɗan sukuru guda ya rage a kan ƙyallen, ko ma zuciyarsa ce kawai ta raya masa kamar ya tsallake wani abu, ba ya tsayawa neman inda ya tsallake. Sake kwancewa yake yi gaba ɗaya, ya faro daga ɗaya. Wannan doka ita ta ciyar da gidansa, ita ta sa ake zuwa wurinsa daga nesa. Ita ce kuma ta kusa raba shi da abokansa a filin golf.

Da ya rufe shago gaba ɗaya ya koma gida hutawa, sai aka ce masa jininsa na so ya riƙa tafiya da ƙafa. Surukinsa, mijin autarsa, ya kawo masa wata tsohuwar jaka cike da sanduna masu kan ƙarfe, ya ce, "Baba, ga abin da zai sa ka yi tafiya ba tare da ka sani ba." Hedimasta kuma, wanda ya daɗe yana kawo masa gyara, ya ce dama su uku ne suke buga wasan duk safiyar Asabar, shi da Likitan Haƙori da wani tsohon Direban jirgin ƙasa, kuma ana son mutum huɗu.

Ranar farko Mai Agogo bai san komai ba. Aka ɗora masa farar ƙwallo a kan ɗan tsinke, aka nuna masa tuta can nesa, aka ce ramin yana gindinta. Ya ɗaga sanda ya maka mata kamar mai kashe kunama a tsakar gida. Ƙwallo ta tashi ta tafi. Wata rana takan yi dama, wata rana hagu, wata rana ta shige cikin itatuwa ta dawo da kanta kamar ta manta wani abu. Su dai dariya suke yi, su bi ta.

Abin ya shiga ransa ƙwarai. Gida ya yi masa shiru tun da ya bar agogunansa, sai guda ɗaya na bango da ya taho da shi. Amma ranar Asabar akwai raɓa a kan ciyawa, akwai Direba da ba ya iya rufe baki, akwai Likita mai leƙa bakin duk wanda ya yi hamma, akwai shayin da suke sha a gindin wata babbar bishiya bayan rami na tara. Tun daga Lahadi yake fara jiran Asabar.

Matsalar ɗaya ce, ita ce rami na bakwai. Tsakanin inda ake tsayawa da inda tuta take akwai tafki. Ba wani babba ba ne, amma ƙwallon Mai Agogo ba ta taɓa ƙetare shi ba. Takan tashi da niyya mai kyau, ta kai tsakiya, sai ta tuna ƙishirwa. Akwai wani zalɓe da ke tsayawa da ƙafa ɗaya a bakin ruwan. Duk wanda ya zo bugu sai zalɓen ya ɗan matsa gefe, amma in Mai Agogo ne, matsowa yake yi kusa don ya ga inda za ta faɗa. Wani lokaci Mai Agogo yakan tsaya yana tunanin kifayen ciki, ko sun ɗauka ƙwai ne ake jefo musu daga sama, ko akwai wata uwar kifi da ta tara su wuri ɗaya tana jiran su ƙyanƙyashe.

"Ka bar damuwa," in ji Direba. "In ka ci gaba a haka, nan da baɗi ka cike tafkin, mu riƙa takawa ta kai."

Maganar ta yi masa zafi, sai ya nufi wurin kocin filin. Koci ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Baba, tsayuwarka ce ba daidai ba." Ya koya masa abu biyar. Mai Agogo ya dawo gida ya buɗe bidiyo a waya, ya tarar da wani mai farar hula yana rantsuwa cewa tsayuwa ba komai ba ce, ƙugu ne komai. Wannan ya ƙara masa shida. Wani kuma mai jar riga ya ce duk wanda ya ce maka ƙugu ne ya cuce ka, sirrin yana wuyan hannu. Suruki ya aiko da littafi mai hotuna. Kowa ya faɗi nasa, Mai Agogo bai ƙaryata kowa ba, domin a saninsa ba a taɓa saka wa agogo ƙarfen da ba shi da aiki ba. Ya ɗauko tsohon littafin da yake zana cikin agoguna, ya kwance bugun ƙwallo gunduwa-gunduwa, ya jera, ya sa wa kowanne lamba.

Suka kama ashirin da uku. Na ɗaya, buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Na huɗu, lanƙwasa gwiwa kamar wanda zai zauna aka janye masa kujera. Na tara, riƙe sanda kamar mai riƙe da dafaffen ƙwai mai zafi. Na sha huɗu, haɓa sama, ido ƙasa. Na sha bakwai, juya ƙugu amma kada cibiya ta sani. Na ashirin da uku, wanda ya ja wa layi biyu a ƙasa, shi ne: kada ka yi tunanin komai.

Hajiya, matarsa, ita ta fara ɗanɗana kuɗarta. Ta shigo falo wata rana ta tarar da shi ya matse tawul a hammata biyu, bokiti tsakanin gwiwoyi, littafi a buɗe kan kujera, yana juya jiki a hankali kamar kazar da ake gasawa.

"Malam, lafiya?"

"Kada ki yi magana, ina na sha ɗaya."

"Bokitin wanki nake nema."

"Kin gani ko? Kin ɓata. Sai na koma ɗaya."

A cikin wata guda ƙwan lantarki biyu suka tafi, fankar sama ta samu lanƙwasa a fiffike ɗaya, har yau in tana juyawa kamar tana girgiza kai ne tana mamakin abin da ta gani. Ya manna 'yan takardu a bayan safar hannunsa, da kan takalmansa, da ƙarƙashin bakin hularsa, ta yadda duk inda ya kai ido zai tarar da umarni yana jiransa.

A fili kuwa abin ya zama abin kallo. Zai tsaya a kan ƙwallo, leɓe na motsi, gwiwa ta sauka, haɓa ta tashi, kafaɗa ta gyaru. In ya kai na sha tara Direba ya yi tari, sai ya miƙe, ya ja da baya, ya share gumi, ya faro daga ɗaya. In ya kai na ashirin da uku, sai ya tsaya yana tunanin ko ya daina tunani, in ya ga bai daina ba, ya koma ɗaya. Likita ya rantse cewa wata Asabar dodon koɗi ya shiga ta gefen ƙafarsa ta hagu, ya ratsa, ya fita ta dama, Mai Agogo bai buga ba. Da ya buga ɗin kuma, ƙwallo ta gangara taku goma ta tsaya, ko tafkin ma ba ta kai ba. Zalɓe ya juya musu baya.

Masu biyo su a baya suka fara zama a kan jakunkunansu. Wasu suka fara zuwa da jarida. Daga ƙarshe manajan filin ya kira Hedimasta gefe, ya ce masa in aka ƙara Asabar ɗaya a haka, za a karɓe musu lokacin safe a mayar da su tsakar rana.

A gindin bishiya, da kofin shayi a hannu, Hedimasta ya yi gyaran murya irin wadda yake yi a gaban taron ɗalibai.

"Mai Agogo, ka san muna ƙaunarka."

"In magana ta fara da haka, ƙarshenta ba daɗi," in ji Direba.

"Rufe mana baki. Mai Agogo, mu tsofaffi ne, ranar tsaka za ta kashe mu. Asabar mai zuwa zan zo da agogona na auna tsere. Sakan arba'in gare ka a kowane bugu. In ka wuce ko sau ɗaya ne, sai dai ka yi haƙuri. Akwai wani likitan dabbobi da ya shekara yana roƙon mu ba shi wuri."

"Sakan arba'in? Ranka ya daɗe, ai a sakan arba'in ko gwiwa ban gama lanƙwasawa ba."

"To ka bar ta a miƙe," in ji Likita. "Da can da kake bugu kamar mahaukaci ai ka fi haka."

"Da can jahilci ne."

"Allah ya dawo mana da jahilcin nan," in ji Direba, ya shafa.

Mai Agogo ya koma gida. Ya tsaya a falo gaban agogon bango ya gwada. Ko bai koma ɗaya ba, ko ba wanda ya yi tari, sai ya ci sakan tamanin da 'yan kai. Ya duba littafin ko akwai lambar da zai cire. Ya ɗora alƙalami a kan na shida, ya ji tausayinta. Ya koma na sha biyu, ya tuna mai jar riga ya ce ita ce uwar sauran. Ya rufe littafin bai cire ko ɗaya ba. Ya zauna yana hango likitan dabbobi zaune a gindin bishiyarsu, yana shan shayi a kofinsa mai tsagaggen baki.

Ranar Alhamis da la'asar yana zaune a baranda, inda ya ajiye ɗan teburin aikinsa, sai ga Hedimasta da wani abu ƙunshe a hankici.

"Malam, abin kunya ya same ni. Na ɗauko agogon nan, na danna, ya ƙi motsi. Tun da na bar makaranta yake cikin akwati. Na rasa wanda zan kai wa, duk garin nan kai kaɗai ka san cikinsa."

Ya warware hankicin. Agogo ne babba, mai nauyi, mai maɓalli a ka, irin na da, wanda in yana tafiya ana jin bugunsa daga taku biyar.

"Wato wuƙar da za a yanka ni da ita aka kawo in wasa," in ji Mai Agogo.

"Haka ta kama. Zan karɓa ranar Asabar a fili."

Da Hedimasta ya tafi, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya maƙala gilashi, ya buɗe bayan agogon. Tsohon mai ne kawai ya daskare. Yatsunsa suka shiga aiki da kansu, suna cirewa, suna jerawa, suna wankewa. Hajiya ta fito da tsintsiya, ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, shi wannan hantsakin, lamba nawa ake ƙirgawa kafin a riƙe shi?"

"Wace irin lamba? Riƙewa kawai ake yi."

"Au, haka ne? Na ɗauka sai an matse tawul."

Ya ɗago zai ba ta amsa, sai kuma ya dubi hannunsa. Bai taɓa lura ba, ashe da yatsa uku yake riƙewa. Ko dai biyu ne, na ukun rakiya yake yi? Yana cikin wannan lissafi hantsakin ya goce, ɗan sukuru ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tebur. Suka yi minti goma a durƙushe su biyu kafin Hajiya ta sharo shi.

"Agogo daban, golf daban," ya ce, ko da yake ba ta ce komai ba.

Ya mayar da komai, ya danna maɓalli. Agogo ya kama tafiya, tik-tik-tik, tsaf, kamar ranar da aka ƙera shi. Mai Agogo ya lumshe ido yana saurare. Daga nan sai ya fara ƙirga lambobinsa a zuci yana kallon hannun agogon mai nuna sakan. Yana na sha ɗaya hannun ya taka arba'in.

A cikin kowane agogo irin wannan akwai wani ɗan wili siriri da ke kai-komo ba hutawa, shi ne zuciyarsa. In ya yi sauri agogo ya yi sauri, in ya yi nauyi agogo ya ja ƙafa. Mai Agogo ya daɗe yana kallon wannan wili. A gefen teburin akwai ɗan gwangwani da yake tara ɓarɓashin dalma. Ya dubi ƙofa, Hajiya ta shiga ciki. A shekara arba'in da ɗaya bai taɓa sa agogo ya yi ƙarya ba. Ya tuna bishiya, ya tuna raɓa, ya tuna Lahadin da ba Asabar a gabanta. Ya ɗauki 'yar ƙwayar dalma ya liƙa a gefen wilin. Ya gwada, bai isa ba, ya ƙara wata.

Yanzu sakan arba'in na agogon Hedimasta ya kusa minti ɗaya da rabi na sauran duniya. Sai dai nauyin ya fi yawa a gefe ɗaya, don haka muryarsa ta canza. Maimakon tik-tik-tik, sai ya koma tik... tak-tik... tak, kamar tsohon jaki mai ƙaya a kofato. Wani ba zai lura ba. Mai Agogo kuwa ji ya yi kamar ana jan allo da ƙusa a cikin kansa. Ya yi maza ya kashe shi, ya naɗe a hankici, ya naɗe hankicin a safa, ya cusa a aljihun jakar golf.

Ranar Asabar gari ya waye sarai. Hedimasta ya karɓi agogonsa ya rataya a wuya. Aka yi sa'a mai yankan ciyawa ya fito da injinsa da sassafe, yana ta ruri a kusa da su, ba mai jin komai sai ya ɗaga murya.

A rami na ɗaya Mai Agogo ya tsaya, ya bi lambobinsa a guje, bai yarda ya koma ɗaya ba, ya buga. Ƙwallo ta yi tsalle uku irin na kwaɗo ta tsaya. Hedimasta ya dubi agogo.

"Talatin da takwas."

"Talatin da me?" in ji Direba. "Ni fa na ji gemuna ya ƙaru."

A rami na uku aka ce talatin da tara. Likita ya ɗaga nasa agogon hannu ya ce shi dai a wurinsa an wuce minti. Hedimasta ya dube shi ta saman tabarau.

"Wa ya gyara naka?"

"Ba a taɓa gyara shi ba, sabo ne."

"To nawa Mai Agogo ne ya gyara shi shekaranjiya da hannunsa. Agogon da ya fito daga hannun mutumin nan, ko rana ce ta saɓa masa, ranar zan tuhuma."

Likita ya girgiza nasa, ya kara a kunne, ya ce lalle kayan yanzu ba su da aminci. Mai Agogo ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Haka aka lallaɓa har rami na shida. Masu biyo su a baya sun fara taruwa, amma agogo ya ce komai lafiya. Suna isa rami na bakwai sai injin yankan ciyawa ya yi tari biyu ya mutu, mai ya ƙare. Fili ya yi tsit. Ruwan tafki kwance kamar faranti. Zalɓe ya hango wanda ke zuwa, ya matso.

Mai Agogo ya ɗora ƙwallo a kan tsinke, ya gyara tsayuwa. Hedimasta ya matso taku uku daga bayansa, ya ce, "Bismillah," ya danna.

Tik... tak-tik... tak.

Na ɗaya, buɗe ƙafafu. Na biyu... tak-tik. Na biyu, yatsun ƙafa su... tak. A gida sakan kaɗan ya saurara ya kashe, yanzu kuwa ga shi a fili, a gaban mutane, agogon da ya fito daga hannunsa yana jan ƙafa. Na uku. Wace ce ma ta uku? Ya leƙa bayan safar hannunsa, rubutun ya ƙi zama. Abin da yake gani kawai shi ne ɗan wilin nan, yana kaiwa da ƙyar, yana komowa da ƙyar, da ƙwayar dalma biyu a gadon bayansa. In aka bar shi haka ƙafar wilin za ta cinye ta gefe ɗaya. Kowane bugu ɗaya ciwo ne. Tik... tak-tik. Kuma an ce ko rana ce ta saɓa masa, ranar za a tuhuma.

Ya ji ba zai iya ƙara sakan ɗaya ba. Yana so ya juya ya karɓe agogon, amma ga wata farar aba a gabansa ta tare masa hanya, an ce sai ya buge ta kafin ya motsa. Haushinta ya kama shi. Ya ɗaga sanda ya maka mata don ta ba shi wuri, ya saki sandar a ciyawa, ya juya ya yi kan Hedimasta.

"Kawo shi nan! Kashe shi, don Allah kashe shi!"

Bai ga abin da ya faru a bayansa ba. Bai ga ƙwallon ta tashi ta miƙe kamar an ja ta da zare ba. Bai ga ta wuce tsakiyar tafki ko waiwayen ruwan ba ta yi ba. Bai ga zalɓe ya bi ta da kallo har ya manta ya sauke ɗaya ƙafar ya kusa kifewa ba. Ta sauka a kan lallausar ciyawa, ta gangara, ta tsaya taku biyu daga gindin tuta.

Direba ya jefar da hularsa sama yana ihu. Likita ya buɗe baki har ana iya ƙirga aikin da abokan sana'arsa suka yi masa. Mutanen da ke jira a baya suka ajiye jarida suna tafi. Shi kuwa Mai Agogo ya riƙe agogon da hannu biyu, igiyar na wuyan Hedimasta, har goshinsu na haɗuwa.

"Ni na yi masa haka," ya ce. "Dalma na sa masa. Arba'in ɗinsa ta kusa casa'in. Likita, agogonka lafiyarsa ƙalau, ka yafe mini. Ranka ya daɗe, ka kore ni, ka kira mai dabbobin, amma ka bar ni in cire masa abin nan tukuna. Minti biyar kawai."

"Sake mini wuya," in ji Hedimasta. "Ka juya ka ga ƙwallonka."

"Tana ruwa, na sani."

"Juya dai, tsoho!" in ji Direba.

Ya juya. Ya dubi ruwa, ba ko da'ira ɗaya a kansa. Ya ɗaga ido ya hango wani farin ɗigo kusa da tuta. Ya daɗe yana kallo.

"Ta wa ce waccan?"

"Ta kakarka ce," in ji Direba.

"Ni na buga? Yaya na yi? A wace lamba nake? Likita, ka ga ƙuguna? Ya juya ko bai juya ba?" Ya fara laluben aljihu yana neman littafi.

"Ban ga ƙugu ba," in ji Likita. "Na dai ga mutum ya ji haushi."

Hedimasta ya gyara igiyar wuyansa, ya goya hannu a baya, ya yi taku biyu gaba, biyu baya. Duk wanda ya taɓa zama a ajinsa ya san hukunci na tafe.

"Laifi biyu ne a nan, ko in ce laifi ɗaya da abin mamaki ɗaya. Ka ha'ince mu rami shida. Wannan babba ne. Amma bugun nan na bakwai, ko da agogon ƙarya, sakan huɗu ya nuna. Saboda haka ba za a kira mai dabbobi ba."

Mai Agogo ya sauke ajiyar zuciya, ya miƙa hannu. "Na gode. Kawo in gyara."

"A'a. Hukuncin kenan. Agogon nan ba za a gyara shi ba. Duk Asabar zan tsaya a bayanka in danna shi, ba kuma zan kashe ba sai ƙwallo ta tashi."

"Ranka ya daɗe, wannan zalunci ne! Ba ni kaɗai ba, shi ma agogon..."

"Kai ka ɗora masa. In kana tausayinsa, ka riƙa saurin bugu."

Mai Agogo ya buɗe littafinsa a hankali, ya rubuta ashirin da huɗu a ƙasan shafi, ya fara rubuta "a samu agogo mai ɗingishi", sai Direba ya zare alƙalamin daga hannunsa ya soke a hularsa, ya ce a wuce, mutane na jira.

Ranar sun isa gindin bishiya tun shayi bai huce ba. Manaja ya wuce a 'yar motarsa ya ɗaga musu hannu.

Da ya koma gida ya ba Hajiya labari tun daga dalma har tuta. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya ko yanzu za ta iya ɗaukar bokitinta.

Har yanzu su huɗu ne ranar Asabar. Ƙwallon Mai Agogo takan ƙetare tafki wani lokaci, wani lokaci takan sauka wurin 'yan'uwanta, zalɓe ma ya rasa inda zai tsaya. Amma ba ya kai sakan goma. Da Hedimasta ya danna maɓalli sai ka ga fuskarsa ta yamutse, ya maka wa ƙwallo, ya juya yana cewa, "Kashe, kashe!" Shi ya sa har yau bai taɓa ganin tashin ƙwallonsa mai kyau ba, sai dai a ba shi labari, kuma Direba ne mai ba da labarin, don haka bai san wanne zai yarda da shi ba.

A ƙaramin aljihun jakarsa, inda sauran mutane ke ajiye tsinken ɗora ƙwallo, akwai farin ƙyalle a ninke, da gilashin ido, da hantsaki. Hedimasta yakan yi gyangyaɗi a gindin bishiya bayan kofi na biyu. Sai dai da hannu ɗaya a kan agogon yake yi.